Garin da Ya Ƙi Zaɓen Likitarsa

A garin Lipa, can cikin gonakin masara na jihar Nebraska, da za ka tsaya ƙofar coci ranar Lahadi ka ce duk wanda Dokta Vlasta Bartos ta yanke wa cibiya ya ɗaga hannu, da ka ga hannuwa sun tashi tsaye kamar karan masara. Waɗanda ba su ɗaga ba tsofaffi ne, su kuma ita ke fama da hawan jininsu da ciwon gwiwarsu.

'Yar garin ce gaba da baya. Mahaifinta maƙeri ne, jikan mutanen da suka taso daga ƙasar Cek suka sari gonaki a wannan fili. Ta tafi karatun likita a zamanin da ake kallon macen da ta yi haka kamar wadda ta ɓata hanya, ta dawo a shekarar 1954 da baƙar jaka da wata tsohuwar mota mai tari. Ta buɗe ɗakin duba marasa lafiya a bayan kantin magani. Da farko mata ne kawai da yara ke zuwa. Maza suka ce su dai a bar su da ciwonsu, ba za su tuɓe riga gaban 'yar maƙeri ba.

Wanda ya karya wannan taurin kai shi ne Emil Bartos, makanikin taraktoci. Injin ɓare masara ya kama masa hannu, aka kawo shi jina-jina, ba shi da bakin zaɓar likita. Ta ɗinke hannun, yatsu biyar suka tsira, kuma kafin kaka ta zagayo an ɗaura musu aure. Har ya tsufa, in aka tambaye shi yadda ya same ta, sai ya ɗaga hannun ya ce, “Ni ban nemi kowa ba. Hannu na ba ta ta gyara, ta ƙi sakinsa.”

Shekara kusan talatin ta yi a haka. Ta san titin kowace gona, ta san karen da ke cizo da wanda haushi kawai ya iya. Siyasa kuwa ba ta taɓa shiga ranta ba, sai da likitocin karkara suka fara ƙarewa. Na garin yamma ya yi ritaya, ba a sami wanda ya gaje shi ba. Na kudu ya rasu, aka mai da ɗakinsa shagon aski. Yaran da ke gama karatun likita duk birni suke tsayawa, don bashin karatu ya yi musu nauyi, a birni kuma ake samu. Ƙasar da Vlasta ke zagayawa ta yi ta faɗi, ita kuma shekarunta na ƙaruwa. A hunturun 1981 wata matar manomi ta haihu a cikin motar a-kori-kura a gefen hanya, mijinta ne ya karɓi haihuwar da kausasan hannuwansa na noma. Uwa da ɗiya sun rayu, garin ya sha dariyar labarin, amma Vlasta ba ta yi dariya ba. Ta iso ne bayan an gama komai, kuma ta san da abin ya zo da gardama, da gawa biyu za ta tarar.

Ta tsara abin da take so a kanta sarai: jiha ta ɗauki nauyin karatun ɗaliban likita, su kuma in sun gama su biya da zaman wasu shekaru a ƙananan garuruwa. Ta je Lincoln, babban birnin jihar, ta yi bayani gaban kwamitin majalisa. Suka saurare ta cikin ladabi, suka gode mata, aka kira na gaba.

Da ta dawo tana huci, Emil na ƙarƙashin wata tarakta. Daga can ya ce, “To ke ma ki nemi kujerar mana. Sanatanmu ya ce ya gaji, ba zai sake tsayawa ba. Wanda ke zaune a ciki ba a ce masa lokacin maganarsa ya ƙare.”

“Ni? Sanata? Emil, man inji ya shige maka kai.”

“Ya daɗe da shiga. Miƙo mini sifana.”

Ta miƙa masa sifana, kuma kafin ƙanƙara ta narke ta sa sunanta a takara.

A can, in mutum na goyon bayan ɗan takara, allo yake kafawa a ciyawar ƙofar gidansa da sunan gwaninsa, kowa ya gani. Emil ya share gefe guda a garejinsa ya yi ta fentin alluna, jan rubutu a kan fari: BARTOS. A sauran garuruwan mazaɓar allunan suka tsiro ko'ina. Vlasta ba ta ma damu da Lipa ba. Wa zai tsaya neman ƙuri'a a ɗakin girkinsa?

Wata safiya tana tafiya wurin aiki sai ta ga shuɗin allo a ƙofar gidan mai kantin magani. Ta rage gudu ta karanta: SKALA. Gida na gaba, SKALA. Gidan malamar makaranta, wadda ta karɓa wa haihuwar tagwaye, SKALA. Kafin ta kai ƙarshen titi ta daina dubawa.

Milo Skala manomi ne, shugaban ƙungiyar manoman yankin, mutum mai faɗin kafaɗa da sanyin hali. Ko karatu aka ba shi a coci sai gumi ya jiƙa masa kwala. Ba wanda ya taɓa jin ra'ayinsa a kan komai in ban da farashin masara. Shi ne aka wayi gari yana takara da ita.

Aka yi zaɓen share fage a watan Mayu, wanda daga shi mutum biyu na sama ke wucewa zuwa babban zaɓen Nuwamba. Vlasta ta yi gaba a sauran garuruwa. A Lipa kuwa, in aka cire ƙuri'arta da ta Emil, waɗanda suka zaɓe ta ba za su cika benci biyu na coci ba. Da yake Lipa ce gari mafi girma a mazaɓar, da aka haɗa duka sai Milo ya ɗara ta. Lissafin a fili yake: in garinta bai juyo ba, a Nuwamba ta faɗi, maganar likitocin karkara kuma ta bi ruwa.

Abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta nuna. Ta riƙa bin shekarunta ɗaya bayan ɗaya tana neman laifin da ta yi musu. Ko don ita mace ce, har yanzu? Ko faɗan da take yi musu a kan gishiri da taba? Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne, tun da aka kafa allunan nan, alherin mutane ya ninka. Kullum sai ta tarar da faranti a teburinta cike da kolaci, ɗan burodin nan mai zaƙi da ake zuba wa markaɗaɗɗen 'ya'yan itace a tsakiya. Wani ya gyara mata shingen gida ba ta roƙa ba. Mai gidan mai ya wanke mata mota, alhali ga shuɗin allo a jikin tagarsa.

Ana cikin haka Milo ya zo awon jini. Ya zauna ya naɗe hannun riga, ya ƙi haɗa ido da ita. Ta ɗaura masa abin awo ta matsa, wataƙila fiye da yadda ya kamata.

“Milo, jininka ya hau.”

“Ina zai ƙi hawa, Dokta? Shekaranjiya jawabi suka sa ni a gaban 'yan kasuwa. Na tashi na ce barkanku da yamma, sai komai ya gudu daga kaina. Na ƙare da ba su labarin takin zamani.”

“Su wa suka sa ka?”

Ya dubi silin. “An ce kar in faɗa.”

“Kana son kujerar nan kuwa?”

“Ni? Dokta, ko bikin ƙanwata da aka yi a Lincoln, ɓata na yi a wurin ajiye motoci. Kwana nake addu'a Allah Ya kayar da ni.”

“To wa ya tsayar da kai?”

“Don girman Allah ki sassauta abin nan, hannuna ya mutu. Ki je ki tambayi Babi.”

Babi, wato kaka, haka duk garin ke kiran Bozena Vavra, tsohuwa mai shekara tamanin wadda ke mulkin ɗakin girkin coci tun kafin a kawo wutar lantarki. Vlasta ta same ta a can ana shirin bikin gari na watan Agusta. Mata sun kewaye dogon tebur suna murza ƙullu, ana hira ana shewa. Tana shiga aka yi tsit, kowa ta duƙufa kan ƙullunta.

“Babi, wurinki na zo.”

“Na san za ki zo. Kin ma daɗe. Wanke hannu ki kama aiki, ba a tsayuwa haka nan a ɗakin nan.”

Vlasta ta wanke hannu ta ɗauki curin ƙullu. “Me na yi muku?”

“Kin yi mana me?”

“Shekara nawa ina bin gidajenku cikin ƙanƙara? Ku rasa wanda za ku tsayar a kaina sai Milo, mutumin da ko sunansa aka tambaye shi sai ya yi gumi?”

Tsohuwar ta dangwala babban yatsa a tsakiyar ƙullu ta yi rami, ba ta ɗago ba. “Majalisar nan taku, yaushe take zama?”

“Daga Janairu zuwa bazara.”

“Daga Janairu zuwa bazara. Yaushe ciwon ƙirji ke kama tsofaffi?”

Vlasta ta ci gaba da murza ƙullunta.

“Yaushe hanya ke toshewa? Su waɗannan da aka yi wa aure bazarar da ta wuce, yaushe za su haihu? Ga jikata nan Libi, dube ta, watan Fabrairu ne nata. Sai mu ce wa jaririn ya dakata, Sanata na jawabi?” Ta ajiye ƙullun. “Mun zauna a ɗakin nan mun yi shawara, 'yar nan. Muka ce wa za mu iya rasawa wata huɗu ba mu ji a jikinmu ba? Kowa ta ce Milo. Matarsa ce ma ta fara faɗa.”

Daga ƙarshen tebur matar Milo ta ce, “Ni hutu ne a wurina, Dokta. Minsharinsa kaɗai ya isa.”

Ɗakin ya fashe da dariya. Vlasta ta tsaya da ƙullu a hannu, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta yi duka biyun, ta share ido da bayan hannu, gari ya ɓata mata fuska. Wata uku tana neman laifinta, ashe ba ƙinta ake ba, riƙe ta ake.

Da ta natsu ta yi musu bayani. Ta ce shekarunta hamsin da shida, ba dutse ba ce. Ta ce in ba a yi dokar nan ba, ranar da ta kwanta ɗakinta ma shagon aski zai koma. Suka saurara, har wasu na gyaɗa kai.

Babi ta ce, “Gaskiya kika faɗa. Amma wannan maganar shekara goma ce nan gaba. Ni ta Fabrairu nake yi miki. Doka ba ta karɓar haihuwa. Ɗauki faranti ki tafi wa Emil da shi.”

Haka aka ci bikin Agusta, aka yi kiɗan akodiyon aka yi rawa, shuɗɗan alluna na nan daram. Vlasta ta daina jin zafi, amma ba ta ga mafita ba, don ita kanta ta san tambayar Babi tambaya ce.

A watan Oktoba, masara ta bushe ana shirin girbi, Milo ya faɗo daga tsanin rumbunsa ya karya ƙafa. Vlasta ce ta ɗora shi, ta ce ko kusa da inji kar ta gan shi. Ga gona shimfiɗe, ga ƙanƙara na tafe. A wannan ƙasa kuwa akwai abin da ba a sai an roƙa ba. In manomi ya kwanta lokacin girbi, maƙwabta ke sa rana, kowa ya bar tasa gonar ya taho da injinsa, a yi masa gayya.

Ranar gayyar Vlasta ta biya ta duba ƙafar. Ta tarar an ɗora Milo a kujera a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da bargo, ƙafa a miƙe. Injinan girbi sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna cin gonar, manyan motoci na bin su suna karɓar hatsi. A bakin gona mata sun shimfiɗa tebura, ga tukwanen kofi, ga nama, ga kolaci tuli. Emil na can da akwatin kayan aikinsa ko wani inji zai yi gardama.

Ta tsaya kusa da Emil suna kallo. Ya ce, “Kin ga injin Tomek can? Tasa masarar ko rabi bai cire ba. Bara da matarsa ke asibiti, Milo ne ya fara shiga gonarsa.”

“Haka ake yi ai.”

“Haka manoma ke yi. Ku likitoci ban san yadda kuke yi ba.” Ya kurɓi kofi. “Lokacin da aka yi wa Dokta Lindgren na gabas aikin ido, wa ya riƙe masa marasa lafiya?”

“Ni.”

“Da ɗan wancan likitan na arewa ya yi haɗari fa? Da ɗayan ya tafi jana'izar uwarsa?”

Ta juyo ta dube shi.

“Ke kuma tun da na aure ki, ban taɓa jin kin ɗaga waya kin ce wa wani zo ka riƙe mini ba. Ko ranar da kika haifi ɗanmu, da rana kin duba mutum biyu.”

Ta ci gaba da kallon injinan har suka kai ƙarshen layi suka juyo tare. Sannan ta ajiye kofinta, ta shiga gidan Milo, ta ce wa matarsa ta ara mata waya.

Kiran farko ya fi mata wuya fiye da duk wata tiyata da ta taɓa yi. Ta yi ta kewaye-kewaye, tana tambayar lafiyar iyali da yanayin hanya, har Dokta Lindgren, likitan wani garin 'yan asalin Suwidin da ke gabas, ya katse ta. “Vlasta, ba ki taɓa kirana don ki ji lafiyar matata ba. Me kike so?” Da ta faɗa, sai ya yi dariya har da tari. “Shekara nawa nake jiran ki nemi wani abu a wurina! Ba ni Talata.”

Lahadin ƙarshe kafin zaɓe ita ce ranar cin agwagwa a zauren coci, abincin da ake yi kowace kaka, gasasshiyar agwagwa da kabeji mai tsami. Gari duka na nan. Ana tsakiyar ci Vlasta ta shigo da baƙi huɗu a bayanta, kowanne riƙe da baƙar jaka. Cokula suka tsaya.

Ba ta hau mumbari ba, tsakiyar tebura ta tsaya. Ta ce, “Kun yi wa Milo gayya, masararsa na rumbu. To ni ma ga tawa gayyar. Wannan Litinin, wannan Talata, wannan Laraba, wannan Alhamis. Juma'a da yamma ina gida, Asabar da Lahadi nawa ne. Daga Janairu har a tashi majalisa, ba ranar da za a buɗe ɗakina ba likita a ciki. Babi, ga su nan, ki duba.”

Tsohuwar ta goge baki, ta tashi da sandarta, ta zagaya su ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen doki. Ta tsaya gaban Lindgren, dogo mai farin gashi.

“Kai daga ina?”

Ya faɗi garinsu.

“Af, mutanen Suwidin. Ku ne masu dafa kofi kamar ruwan wanke kwano.”

“Mu ne, Babi. Shi ya sa muke kai shekara ɗari.”

“Wa ya ce ka kira ni Babi? To, in kai likita ne, faɗa mini abin da ke damuna.”

Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ce, “Likitarki ta hana ki gishiri, ke kuma kina ci a ɓoye.”

“Ita ta gaya maka!”

“Ko kusa. Idon sawunki ne ya gaya mini, ga shi nan ya kumbura ya fi ƙarfin takalmi.”

Zauren ya ɗauki ihu, har fada, limamin cocin, ya ajiye cokali yana share hawaye. Babi ta harare shi, ta harari ƙafarta, sannan ta ce, “Ka iya karɓar haihuwa?”

“Na karɓi rabin garinmu.”

“'Yan Suwidin ba su da wahalar fitowa. Namu da gardama suke zuwa.” Ta juya wurin matan girki. “Ku ba su kujeru. Wannan dogon ku ƙara masa cinya, ya rame.”

A nan ne Milo ya yunƙura ya miƙe a kan sanduna biyu, ba wanda ya sa shi. Gumi ya keto masa, amma ya yi jawabin da ya fi kowanne a rayuwarsa. “Jama'a, an ce lokacin cire sunana daga takardar zaɓe ya wuce. To ina roƙonku, don Allah, don darajar iyayenku, kar wanda ya zaɓe ni. Wanda duk ya zaɓe ni, ban yafe ba.” Aka yi ta tafi har ya zauna. Kashegari jan allo ya bayyana a ƙofar gidansa, kafin ranar zaɓe kuma Emil ya rasa fentin da zai ƙara.

Vlasta ta ci zaɓe da rata mai faɗi. A Lipa 'yan ƙuri'u kaɗan ne suka faɗa wa Milo, ya kuma yi ta bincike yana neman masu wannan aika-aika. Mutum ɗaya ce ta amsa da bakinta. Babi ta ce, “Ni ce na tsayar da shi, sai in gudu in bar shi? Na dai san ba zai ci ba.” A watan Fabrairu Libi ta haifi namiji, ranar Talata, a hannun Lindgren. Da gardama ya zo, kamar yadda aka faɗa.

Shekara takwas Vlasta ta yi a majalisa. Ba ta iya dogon jawabi ba, kuma ba ta bar halinta a gida ba. Ana tsakiyar muhawara sai ta ƙura wa abokin aiki ido, in an tashi ta tare shi a baranda ta ce ya buɗe baki. Ofishinta ya zama rabin asibiti, masu shara da sanatoci na bin layi ɗaya. Akwai wani sanata makiyayi daga yammacin jihar, wanda ya fi kowa adawa da ƙudirinta, yana cewa kuɗin jama'a ba na biya wa 'ya'yan wasu makaranta ba ne. Ita ce ta hango wani baƙin tabo a wuyansa, ta matsa masa har ya je aka cire, likitoci suka ce da ya ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ya zo ya gode mata da hawaye a idonsa, da aka zo jefa ƙuri'a kuma ya ƙi ƙudirin kamar yadda ya saba. Ta ce ba komai, wuyan dai ya riƙa sa masa hula mai faɗi.

Shekarar farko ƙudirin ko kwamiti bai wuce ba. Ta biyu ya wuce kwamiti ya maƙale a zaure. Ta koyi abin da ba a koyarwa a makarantar likita: wa za ka sha kofi da shi, me za ka bari don ka sami me. A shekara ta uku ya zama doka, an rage yawan ɗaliban zuwa rabin abin da ta nema. Ta dawo gida ranar Juma'a tana gunaguni a kan rabin da aka yanke, ta tarar an tare hanyar shiga gari da taraktoci, masu akodiyon na kan tirela, Milo a gaba yana ɗaga wani tsohon jan allo.

Likita ba ya nuna a shekara ɗaya. Har ta sauka daga kujerar ba a ga ko ɗaya daga cikin ɗaliban ba, likitocin gayya kuma biyu sun tsufa an canza su. Sai a 1992 wata ƙaramar mota ta tsaya a bayan kantin magani, wata budurwa ta fito, Dokta Graciela Ibarra, 'yar masu aikin gonakin gwozan da ake yin sukari da shi daga yammacin jihar, wadda dokar ta biya wa karatu. Babi, tana da shekara casa'in, ta sa aka kawo ta a keken guragu don ta duba ta. Ta tambaye ta ko ta iya kolaci, ta ce a'a. Ta tambaye ta ko tana da saurayi a birni, ta ce a'a. Tsohuwar ta ce, “Madalla. Na farko za mu koya miki, na biyu za mu samo miki a nan.” Duka biyun an yi, kuma da shekarun da doka ta ɗora mata suka cika, Dokta Ibarra ba ta tafi ba.

Hunturu biyu bayan zuwanta, Vlasta ta zame a kan ƙanƙara a matakalar coci ta karya wuyan hannu. Emil da Milo suka tallabo ta zuwa ɗakin da ta yi shekara arba'in tana mulki. Tun daga ƙofa ta fara ba da umarni: a ɗauko abu kaza a aljihun tebur na biyu, a riƙe hannun ta nan, kar a ja ta can.

Dokta Ibarra ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, “Sanata, a majalisa ke ke magana a saurara. Nan ɗakina ne. Kwanta ki yi shiru.”

Emil ya dubi Milo, Milo ya dubi silin. Tun da suke ba su taɓa jin wanda ya faɗa mata haka ba. Vlasta ta kwanta. Ta dubi farin silin ɗin da dubban mutane suka kalla daga kan wannan gado, wanda ita ba ta taɓa gani daga nan ba, ta ga ashe akwai tsaga a kusurwarsa. Dariya ta kama ta, tana yi hannun na zafi, ta kasa dainawa.

“Emil,” ta ce, “silin ɗin nan na son gyara.”

“Shekara ashirin ke nan kowa na faɗa miki,” in ji shi. “Miƙa wa likita hannun.”

Ta miƙa.